Sabon ƙwai ya ƙi ɓaruwa, ga walima ta matso: wa ke da dabara?

Maman Hanif (Kaduna):
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu sana'ar abinci da masu kiwo ku kawo ɗauki. Ranar Asabar ta sama akwai walimar saukar ƙanena, an ɗora mini kiret biyu na ƙwai mai ciki, wato wanda ake raba dafaffen ƙwai biyu, a kwashe gwaiduwar a kwaɓa ta da mayonis, a mayar cikin farin. Masu kallon girkin Turawa sun san shi da deviled eggs. Kajina suna ƙwai sosai, amma ƙwan gidana ba ya ɓaruwa. Ɓawon sai ya taho da naman farin, ƙwan ya fito duk rami-rami, wani har gwaiduwar ta leƙo. Na shagon unguwa kuwa sumul yake fita. To ni da nake da kaji a gida sai na je na sayi na wani?

Hajiya Binta Mai Abinci (Kano):
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sanya albarka a karatun yaro. Babu abin da ya samu kajinki, ƙwan ne bai kwana ba. Duk mai yin egg roll ta san ba a dafa ƙwan da aka kwaso yau daga keji in ana son ya fito da kyau. Tunda akwai sauran lokaci, ki ware kiret biyun tun yanzu, ki rubuta musu rana, ki ajiye a inuwa su yi mako guda. Ranar dafawa ki jefa 'yar kanwa a ruwan. Shi ke nan, kar ki wahalar da kanki.

Malam Sani Mai Gidan Gona (Jos):
Hajiya ta faɗi gaskiya. Mu masu kiwo mun sha wannan ƙorafi. Ka kai wa mai shayi sabon ƙwai ya yi ta sa maka albarka, don shi soyawa yake, gwaiduwa tana tsaye kyam. Ka kai irinsa ga mai dafawa tana sayarwa a tasha, ta ce ka cuce ta. Ɓawon ƙwai ba a rufe yake ruf ba yadda ido ke gani, yana da ƙananan ƙofofi daga kimanin 7,000 zuwa 17,000, ta nan ruwa da iska ke fita a hankali. Shi ya sa a gindinsa, wato ɓangaren da ya fi faɗi, ake samun ɗan gurbin iska, kuma kullum gurbin ƙara girma yake. Maman Hanif, in kina son sanin kwanan ƙwai ki saka shi a kwano da ruwa. Sabo zai kwanta a ƙasa. Wanda ya ɗan daɗe zai ɗaga gindi. Wanda ya taso sama yana iyo kuwa ki fasa shi a kofi daban ki shinshina kafin ki yarda da shi, kar ki kai wa mutane baragurbi.

Amaryar Bana:
Ni dai Mamana a ruwan sanyi take jera su, ta zuba gishiri mai yawa, sannan ta ɗora a wuta. Haka nake yi. Wata rana ya ɓaru, wata rana ya ƙi. Ashe ba gishirin ke aikin ba?

Malama Rabi (Zariya):
Amarya, gishiri yana da amfaninsa amma ba na ɓarewa ba. In ƙwai ya tsage a tukunya, gishiri ko khal (wato vinegar) suna sa farin da ya zubo ya daskare da wuri ya toshe tsagar. Iyakarsa ke nan.

Bari in ɗora a kan bayanin Malam Sani. Tsakanin ɓawo da farin ƙwai akwai tantani, shi ne wannan 'yar farar fatar da ke maƙale wa yatsa. Duk rigimar a kansa take. Lokacin da kaza ta saki ƙwai, farinsa yana cike da iskar kabon, kuma a ma'aunin pH, wato awon da ke nuna yawan tsami ko ƙarancinsa, yana wajen 7.6. A wannan hali in ya dahu, kama tantanin yake yi gam. Da iskar ta yi ta fita ta ƙofofin nan, sai ma'aunin ya hau zuwa wajen 9.2, farin ya daina riƙe tantanin da ƙarfi. Wannan shi ne abin da Hajiya take nufi da ya kwana. A zafin ƙasarmu kuma ba ya ɗaukar lokaci, 'yan kwanaki a ɗaki sun isa. A firij ne abin ke jan ƙafa.

Amma da izinin Hajiya, kwana ba shi kaɗai ne hanya ba, kuma a ganina ba shi ne babba ba. Babban shi ne yadda ƙwan ya fara haɗuwa da zafi. In aka fara da ruwan sanyi, zafi yana shiga sannu a hankali, farin yana daskarewa yana mannewa da tantanin. In kuwa ruwan ya riga ya tafasa aka sauke ƙwan ciki, farin da ke waje sai ya daskare nan take ya ja jikinsa ya rabu da tantanin. Ko ƙwan jiya ne za ki ga bambanci. Saboda haka Amarya, ki bar ruwa ya tafasa tukuna.

Hajiya Binta Mai Abinci (Kano):
Malama, ku masu ilimin littafi da ƙwai shida kuke gwaji. Ni a aikin biki kiret goma nake ɗorawa. Ki zuba ƙwai a tafasasshen ruwa ki ji ƙas-ƙas, wannan ya tsage, wancan ya fitar da gemu. Da tsadar da kiret ya yi yanzu wa zai biya ni asarar? Sannan ki zuba ƙwai sittin a tukunya ɗaya, ai ruwan ya mutu, sai ya sake ɗaukar lokaci kafin ya taso. To ina bambancinsa da wanda aka fara da sanyi?

Malama Rabi (Zariya):
Wannan magana ta biyu taki ce Hajiya, babu musu. In ƙwan ya fi ƙarfin ruwan, an koma gidan jiya. Dole ruwa ya yi yawa, wuta ta yi ƙarfi, a yi shi kashi-kashi, kamar goma sha biyar a lokaci guda, jeri ɗaya a gindin tukunya. Tsagewa kuma galibi daga jefawa ne, ko daga ƙwan da aka ciro daga firij yana da sanyi. A rage wuta, a sauke da ludayi har ƙasa, sannan a ƙara wutar ta riƙa tafasa a hankali ba wadda za ta riƙa gwara su ba.

Amma ga mai yawa irinki, abin da ya fi shi ne turarawa, kuma kayan aikin yana kicin ɗinki. Madambaci. Ki sa ruwa a ƙasa ya tafasa, tururi ya tashi sosai, ki jera ƙwai a sama ki rufe, ki toshe bakin yadda kike yi wa dambu. Minti 12 zuwa 13 ga babban ƙwai. Babu gwaruwa, babu jiran ƙatuwar tukunya ta tafasa, gas ma ya ragu. Wadda ba ta da madambaci ta ɗora kwalanda ta ƙarfe a kan tukunya ta rufe da murfi.

Malam Sani Mai Gidan Gona (Jos):
Mutanen Jos su ƙara minti ɗaya ko biyu a kan duk abin da aka faɗa. Muna sama da mita 1,200 daga teku, ruwanmu tun a wajen digiri 96 yake tafasa, bai kai 100 ba. Matar da ta taso daga Lokoja ta zo nan sai ta ga wake ma ya ƙi ta.

Ummu Khalil (Amurka):
Sallama 'yan'uwa, na makara, bambancin lokaci ne. A nan wannan abincin ba a rasa shi a taron iyali, musamman lokacin Ista da zaman cin abinci a fili da bazara, har faranti na musamman ake sayarwa mai ramuka daidai rabin ƙwai. Ƙwan kantin nan ana wanke shi a masana'anta a sa a sanyi, kuma kafin ya iso hannunki ya yi kwanaki, shi ya sa mai sayen na kanti ba ta cika kuka ba. Masu kiwon kaji a bayan gida su ne ke irin kukan Maman Hanif, kuma abin da suka fi komawa gare shi shi ne turarawar da Malama ta faɗa.

Abin da nake so Hajiya ta duba, tsohon ƙwai yana da nasa aibin a wannan girki musamman. Egg roll ana lulluɓe shi da fulawa, ba mai ganin siffarsa. Wannan kuwa farin shi ne kwanon. In ƙwai ya daɗe, gurbin iskar nan ya yi girma, sai ki ɓare ki ga gindinsa a lotse. Farin kuma ya yi ruwa, ba ya riƙe gwaiduwa a tsakiya, sai ta gangara gefe. Ki raba biyu ki tarar gefe ɗaya kauri, ɗayan siriri har kina hango yatsanki, kina sa cokali ya yage. Sabon ƙwai shi ke ba da siffa cikakkiya da gwaiduwa a tsakiya. Don haka ni a wurina Maman Hanif arziki gare ta, ba matsala ba.

Maman Hanif (Kaduna):
Ikon Allah. To yanzu Hajiya ta ce mako guda, Anti Ummu Khalil ta ce sabo ya fi. Ni wanne zan kama?

Ummu Khalil (Amurka):
Ki kama tsakiya ƙanwata. Na kwana uku zuwa biyar a yanayin Kaduna, ki turara. Daren da za ki dafa ki kwantar da su a gefensu maimakon tsaye, yana taimaka wa gwaiduwa ta dawo tsakiya. Suna sauka daga wuta kuma kai tsaye cikin ruwan ƙanƙara, minti 15, kar ki yi gaggawa.

Zee Kitchen (Gusau):
Anti kin manta gida ne? Ruwan ƙanƙara a ina, mu da wuta ke yi mana leƙen asiri? Firizata ta zama kabad.

Hajiya Binta Mai Abinci (Kano):
Zee kin ba ni dariya. Ai ƙanƙara ana sayarwa, ki aiki yaro wajen masu ƙanƙarar leda ya sayo miki ƙulli biyu ko uku, ki fasa a baho. In babu, ruwan randa ma yana yi, sai dai ki riƙa sauyawa. Kin zuba ƙwai mai zafi, ruwan ya ɗumama, ki tsiyaye ki sake wani, har ki ɗauki ƙwan ki ji babu sauran ɗumi a tafin hannunki. A nan ne yaran aikina suke cuta ta, su zuba ruwa sau ɗaya su hau ɓarewa ƙwai yana ƙona musu yatsa. Farin ƙwai mai zafi taushi gare shi, ko tsoho ne sai ya yage.

Amaryar Bana:
Kanwar fa? Ni na ga ana cewa a sa baking soda, ashe kanwa ma tana yi.

Malama Rabi (Zariya):
Dalilin da ake ba da shi ɗaya ne, su biyun suna ɗaga ma'aunin pH na ruwan, ana fatan su yi wa farin abin da kwana ke yi masa. Sai dai ƙwan yana cikin ɓawonsa, minti goma sha biyu kuma ba wani lokaci ba ne, abin da zai ratsa ciki kaɗan ne. Ni ban ga ya kai darajar da ake ba shi ba. In ma ya ratsa, warin ƙwai yake ƙarawa.

Hajiya Binta Mai Abinci (Kano):
To Malama ni dai tun ina yarinya da kanwa na ga ana yi, kuma ƙwaina yana fita.

Malama Rabi (Zariya):
Yana fita Hajiya, amma ke da bakinki kika ce sai ya yi mako kike dafawa, kuma kina sanyaya shi yadda ya kamata. Kanwar tana cin albarkacinsu ne. Ki raba kiret ɗaya biyu wata rana, rabi da ita rabi babu, ki ba mu labari.

Hajiya Binta Mai Abinci (Kano):
Allah ya kai mu. In na ci ki, tukwicina turmin atamfa.

Baban Khairat:
Ni ɗan kallo ne a gidan nan, amma ina da tambaya. Me ke sa bakin gwaiduwa ya yi kore-kore ko toka-toka? Yarana ba sa ci in suka gani, sun ce ya lalace.

Malama Rabi (Zariya):
Bai lalace ba Baban Khairat, ya wuce wuta ne. Farin ƙwai yana da sinadarin farar wuta, gwaiduwa tana da na ƙarfe. In zafi ya daɗe sai su haɗu a iyakar da ke tsakaninsu su ba da wannan launi. Ba ya cutarwa, amma gwaiduwar takan bushe, wari ya ƙaru. Gwaiduwa tun a wajen digiri 70 take daskarewa, don haka minti ashirin ko talatin da wasu ke bari a wuta azaba ce kawai. Tsohon ƙwai ya fi saurin yin koren nan, kuma wanda aka sauke aka bari a ruwan zafinsa ci gaba yake da dahuwa. Ga mai yin ƙwai mai ciki abin ya fi muni, don kwaɓin sai ya fito da launin ƙasa maimakon rawaya.

Zee Kitchen (Gusau):
Bari in faɗi yadda nake ɓarewa, don ko an yi komai daidai hannu ma yana da nasa. Ki ƙwanƙwasa gindin, wajen gurbin iskar, daga nan ake shiga. Sannan ki kwantar da shi a tebur ki murza da tafin hannu a hankali har ɓawon ya farfashe ko'ina. Ki mayar cikin ruwa ki ɓare a cikin ruwan. Abin lura ɗaya ne, ki tabbata yatsanki ya shiga ƙarƙashin tantanin ba samansa ba. In kin kama tantanin, ɓawon binsa yake ya fita a haɗe. In kin bar shi a jikin farin, sai ki yi ta tsintar ɓawo ɗaya-ɗaya da farce, a nan ake samun ramukan. Da gefen babban yatsa ake turawa, masu dogon farce su nemi ƙaramin cokalin shayi su zura tsakanin ɓawo da farin su zagaya.

Maman Hanif (Kaduna):
Na gode ƙwarai. To kwaɓin fa? Na ga kowa da nasa awon.

Ummu Khalil (Amurka):
Na asali da ake yi a nan, ga ƙwai 6: mayonis cokali 3 na cin abinci, mustad ƙaramin cokali 1, khal ƙaramin cokali 1, gishiri kaɗan, masoro kaɗan, a barbaɗa garin jan tattasai a sama. Ki ninka sau goma ga kiret biyu, amma kar ki zuba mayonis ɗin duka lokaci guda. Ki fara murƙushe gwaiduwar ita kaɗai, in kina son ta yi laushi sosai ki tura ta ta rariya da bayan cokali, sannan ki riƙa ƙara mayonis kina dubawa. Ana so in kin ɗaga cokali ya tsaya, ba ya zuba ba. In ya yi ruwa gyaransa wuya, sai dai ki ƙara wata gwaiduwar. Shi ya sa nake cewa ki dafa rarar biyar ko shida, waɗanda suka yage ki haɗa gwaiduwarsu a kwaɓin, farin kuma yara su samu.

Yanka kuma da wuƙa mai kaifi, a tsaye daga kai zuwa gindi, ki riƙa goge wuƙar da jiƙaƙƙen ƙyalle bayan kowane ɗaya. Zubawa ba sai da abin kwalliyar kek ba. Ki zuba kwaɓin a farar leda mai kauri, ki tara shi a kusurwa ɗaya, ki yanke bakin kaɗan ki riƙa matsawa.

Hajiya Binta Mai Abinci (Kano):
Wannan awon na bakin Turawa ne. Ki kai wa Bahaushe haka ya ce salam. Ni mustad ba na sawa, mutanenmu da yawa ba su saba da shi ba. Lemon tsami nake matsawa maimakon khal, in daka ɗanɗano rabi ya zama gari, in yanka lawashin albasa ƙanana, attaruhu ɗan kaɗan an cire 'ya'yan. A sama kuma yajin tsire, mai ƙuli. Ki gwada ki gani ko ɗaya zai dawo kicin. Amma yajin sai za a fitar ake barbaɗawa, in ya zauna jiƙewa yake ya ɓata fuskar.

Zee Kitchen (Gusau):
Wasu kwastomomina ba sa son mayonis, sai in sa musu yogot mai kauri marar sukari, ko kindirmo da aka tsane a ƙyalle. Da kifin gwangwani ma yana daɗi, a tsiyaye man.

Hadiza Maraɗi:
Sannunku da hira. Mu nan Nijar wanda muka sani ta wajen Faransa ya zo, mimoza ake ce mishi. Bambancin kaɗan ne: ba a kwaɓa gwaiduwar duka, ana rage kashi ɗaya a goga shi a rariya bisa ƙwan bayan an cika, sai ya zubo warwar rawaya. Ana jera shi bisa ganyen salati da tumatir, a ci kafin babban abinci. Maman Hanif ki shimfiɗa salatin a tire, shi ke hana su zamewa in an ɗauka.

Fati Kumasi:
Mu a Gana ba ma wahalar kwashe gwaiduwa. Namu da yaren Twi "kosua ne meko" ake ce masa, ƙwai da barkono ke nan. Mai talla za ta ɓare a gabanki, ta tsaga shi, ta cusa niƙaƙƙen barkono da tumatir da albasa, ta miƙo miki. A kowace tasha akwai. Kuma ku lura, matan nan ƙwai nawa suke ɓarewa a yini, da wuƙa ko cokali, cikin ƙiftawar ido, don ƙwan ya huce sarai kafin su fito da shi.

Malam Auwal (Sakkwato):
Tunda an zagaya duniya bari in sa baki. Kar a ɗauka cusa ƙwai Turawan yanzu suka ƙirƙiro. A rubuce-rubucen girki na Andalus tun ƙarni na 13 akwai shi: a dafa ƙwai, a raba, a daka gwaiduwar da ɗanyen ganyen kosbara (coriander) da ruwan albasa da yaji da mai da gishiri, a mayar, a haɗe ɓangarorin biyu a soke da ɗan tsinke. Mayonis ne baƙo, ya shigo daga baya can. Saboda haka yajin Hajiya ya fi kusa da na farko.

Hajiya Binta Mai Abinci (Kano):
Malam Auwal Allah ya ƙara ilimi. Yau dai na samu mai tsaya mini.

Sista Maryam (Bauci):
Ban so in ɓata muku hira ba, amma ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma wannan abincin yana cikin waɗanda nake tsoro a taro. Ƙwai ne da aka ɓare, aka yanka, aka kwaɓa, hannu ya taɓa shi a kowane mataki, kuma ba za a sake ɗora shi a wuta ba. Ƙa'idar da hukumomin lafiyar abinci na Amurka suke bayarwa ita ce kar ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1. Ku auna da walimarmu: a ce ƙarfe goma, a fara sha biyu, a yi karatu, a yi wa'azi, a raba allo, abinci yana ƙarƙashin rumfa tun safe. Yara da tsofaffi da masu juna biyu su ne ke fara kwanciya.

Hajiya Binta Mai Abinci (Kano):
Sista, masu tallan dafaffen ƙwai fa? Yini suke a rana, mutane suna ci.

Sista Maryam (Bauci):
Shi ma ba cewa na yi ya kuɓuta ba Hajiya, amma aƙalla yana cikin ɓawonsa har lokacin da za a ci. Naku a buɗe yake, ga danshi. Kuma wanda cikinsa ya ɓaci bayan biki ba ya dawowa ya gaya wa mai abinci, mu yake zuwa wa. Shawarata ga Maman Hanif: ki dafa ki ɓare da daddare in kina da sanyin da kika amince da shi, in babu ki tashi da asuba. Farin ki jera a roba mai murfi, kwaɓin ki bar shi a ledarsa a ɗaure, duka a kula da ƙanƙara. Kar ki cika sai an ce a kawo abinci, kuma tire ɗaya-ɗaya, in ya ƙare a cika wani. Abin da ya yi saura a rumfa a zubar, kar a ce za a kai wa maƙwabta. Dafaffen ƙwai a firij mai aiki yana kai mako guda, wanda aka cika kuwa kar ya wuce kwana biyu. Kar kuma a sa a firiza, farin roba yake zama ya riƙa tsatsafo da ruwa.

Zee Kitchen (Gusau):
Wannan na cikawa a wurin taro ya fi ma sauƙin ɗauka. Duk wadda ta taɓa shiga Keke Napep da tiren da aka riga aka yi wa kwalliya ta san abin da nake nufi.

Maman Hanif (Kaduna):
Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Madambaci, na kwana uku zuwa biyar, ƙanƙara, yajin Hajiya, kular Sista. Tambaya ta ƙarshe, surukata ta ce za ta aiko da ƙwan zabi daga ƙauye tunda damina ta sauka. Zai yi?

Malam Sani Mai Gidan Gona (Jos):
Zai yi, har ya fi ɗanɗano, gwaiduwarsa ta fi yawa in aka kwatanta da girmansa, launinta kuma ya fi ja. Amma ɓawonsa kauri gare shi, murzawa da tafin hannu ba ta fasa shi, sai kin buga da bayan cokali. Minti 10 ya ishe shi. Sannan na ƙauye a daji ake tsinto shi, ba wanda ya san ranar da aka saka, wani ma an fara kwanci a kansa. Ki gwada kowane ɗaya a ruwa kafin ya shiga madambaci.

Hajiya Binta Mai Abinci (Kano):
Kuma ki rage mayonis 'yata, gwaiduwar zabi maiƙo gare ta. Ramin ƙarami ne, ki yanke bakin ledar siriri. Ki ware shi a tire daban na manyan baƙi, in kika haɗa da na kaza samari za su tsince shi kafin malamai su shafa fatiha.